Takalmi a Bakin Ƙofa

Shekarar da sojoji suka tattara nasu-ya-nasu suka koma bariki, gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya tashi daga gida ya koma tashar mota. Maigidana, Malam nake ce masa, yana da shagon kayan gini a bakin titin Zariya, kuma Allah ya yi shi mutum ne da bakinsa ba ya iya furta a'a. Da aka buɗe siyasa sai 'yan unguwa suka taru suka ɗora masa shugabancin jam'iyya na mazaɓarmu, wai shi ne mai haƙurin sauraron kowa. Jam'iyyar kuma ta zo ta ci. Tun daga ranar da farar hula suka karɓi mulki ban ƙara cin abinci ni kaɗai a kwanona ba.

Maza dai da sauƙi, iyakarsu zaure da bencinan ƙofar gida. Mata su ne masu shiga har ƙurya. Sallama ɗaya za ka ji daga tsakar gida, kafin ka amsa an ɗaga labule, an yaye mayafi, an kwance goyo an shimfiɗe a kan gadona. Wannan tana neman wa ɗanta aikin gadi, waccan takin zamani take so wa mijinta, wata kuma kujerar Makka ce a ranta. Kowacce da abin da za ta ce: "Hajiya, ki sa mana baki wajen maigidan." Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, rana ɗaya na zama Hajiya.

Da a ce lafiyata ƙalau, da na jure, don ni ma ina son mutane, kuma malamar firamare ce ni, hayaniya ba baƙuwata ba ce. Amma a lokacin ina ɗauke da ƙaramin ciki, kuma kafin shi na yi ɓari har uku. Kowanne sai ya fara girma, na fara sa rai, sai ya zube. Sau uku ina fitowa daga asibiti da zani a leda, hannuna babu komai. Wannan na huɗun daga ni sai Malam sai likita muka san da shi, domin a wajenmu ba a shelar ƙaramin ciki, balle ga mace mai irin tarihina.

Likitar wata mace ce mai tabarau da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta gama auna ni ta cire abin awon jinin daga hannuna ta ce, "Malama, ba zan ɓoye miki ba. Jininki ya hau, mahaifarki kuma ba ta son wahala. In kina son wannan ya zauna, ki je ki kwanta. Ba kwanciyar da jiki yana gado kunne yana tsakar gida ba. Ki kwanta sosai."

Na ɗauki hutu a makaranta na dawo gida na kwanta. Ina kwanciya? Gadon ma sai na nemi gefen da babu jariri. Sai na yi dabara, na ce a riƙa faɗa wa masu zuwa ba na jin daɗi. Tabɗi! Ashe na ƙara wa kaina ne. Da can masu neman alfarma ne kawai suke zuwa, yanzu har da masu dubiya, kowacce da kwanon kununta da maganin da ya warkar da ƙanwar kakarta. Su zauna su zuba wa cikina ido, wata ta kashe murya ta ce, "Ko dai, ko dai?" In ce mata zazzaɓi ne. Kuma ba ka isa ka ce wa mutum ya tashi ba, gobe za ka ji a unguwa cewa mun samu gwamnati mun fara wulaƙanta talakawa.

Wata safiya na tare Malam yana ɗaura agogo zai fita, na yi masa tatas. Na ce, "Malam, ka zaɓa, ko jam'iyya ta tashi daga ɗakina ko ni in tashi. Wallahi na gaji! Uku sun tafi, so kake na huɗun ma ya bi su saboda takin zamani?"

Ya tsaya da agogon a hannu. Ya ce, "Malama, mutane ne fa. Yaya zan yi da mutane?"

Na ce, "Ni dabba ce?"

Ya ƙarasa ɗaura agogon ya fita. Amma ranar bai je shago ba, ya ɗauki mota ya tafi ƙauyensu na wajen Rano, yamma ta yi sai ga shi da mahaifiyarsa. Ni tawa uwar ta rasu tun ina makaranta, saboda haka surukata ita ce Innata, haka kuma nake kiranta. 'Yar tsohuwa ce siririya mai ƙarancin magana. Ta sauka da ƙullin kayanta da buhun busasshen zogale, ta dube ni sama da ƙasa, ba ta tambaye ni komai ba. Na san Malam ya gaya mata a hanya.

Yini guda Inna ta yi a kan kujera 'yar tsugunne tana kallon masu shiga da fita. Washegari ta ce a ba ta mukullin sito. Siton wani ɗan ɗaki ne a can ƙarshen tsakar gida, bayan bishiyar lemon tsami, inda Malam yake jibge gwangwanayen fenti da fasassun tayil da ragowar fastocin kamfen. Ta leƙa zaure ta ce wa mazan da ke zaune, "Tunda kuna cin tuwon gidan nan, ku zo ku motsa jiki." Kafin azahar sun kwashe komai, har da ɓeran da ya daɗe yana mulki a ciki.

Sai ta kira maƙwabciyarmu, matar wani direban bas da ba su daɗe da tasowa daga ƙauye ba, suka jiƙa farar ƙasa suka shafe bangon tas. Suka wanke simintin ƙasa har sai da ya yi sanyi a tafin ƙafa. Na ce a ɗauko kafet ɗin falo, Inna ta ce kafet zafi yake riƙewa da ƙura, ta shimfiɗa tabarmar kaba sabuwa, aka sauko mini da katifa ƙasa. A lungu ta zuba yashi ta jiƙa shi, ta girke randa a kai, ta jefa saiwar jema a cikin ruwan, ta rufe da faifai ta kifa moɗa. Ƙofa kuwa wani tsohon zanenta na saƙi mai shuɗi ta rataya, wanda in rana ta bugo shi sai hasken ɗakin ya yi laushi. Akwai 'yar taga guda da ke kallon mangwaron maƙwabta, ita ta bar ta a buɗe.

Ni kuma na fara lissafo abin da za a kwaso mini. Madubina, rediyo, agogon bango, hoton bikinmu, da littattafan 'yan ajina da ban gama dubawa ba. Inna tana jina har na gama, sannan ta ce, "'Yar nan, duk abin da za ki kalla ki tuna aiki ko ki tuna mutane, kada ya ƙetare ƙofar nan." Na ɓata rai na ce ko rediyon ne a bar mini. Ta ce, "Me za su faɗa miki a ciki? Su wane sun ci, su wane sun faɗi. Ai kin ji a tsakar gidanki." Haka na shiga daga ni sai filo biyu da mafici da carbi da Alƙur'anina.

Turaren wuta, da nake ji da shi fiye da komai a ɗakina, tunda na samu cikin nan ko ƙamshinsa na ji sai amai. Inna ta lura. Sai ta riƙa shanya ɓawon lemo, da hantsi ta ɗora kaɗan a kan garwashi a waje, iska ta shigo da shi sama-sama. Ta yayyafa ruwa a ƙasar bakin ƙofa. Lokacin damina ta kankama, ɗakin kuma babu silin, in ruwa ya sauko a kan kwanon rufi ba ka jin muryar kowa a duniya. Wani lungu yana ɗan yoyo, muka sa tsohuwar langa tana tara. Ranar farko da na kwanta a ciki na yi barcin da rabona da shi tun kafin zaɓe.

Amma fa ɗaki ba ya ɓuya a gidan Bahaushe. Ba a jima ba sai na ji an ɗaga zanen saƙin nan an ce, "Lah, ashe nan kika ɓuya! Kai, ku zo ku ji sanyi!" Kafin ka ce me sun cika tabarma, moɗa tana yawo hannu-hannu, ana yaba ruwan randa. Wata har ta ce in na tashi ta ɗan miƙe bayanta a katifar. Na juya fuskata bango hawaye yana zuba. A raina na ce shi ke nan, mun gyara musu wajen hira ne kawai.

Da suka watse Inna ta shigo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Mutumin naki ba shi da wani tsohon takalmi da ya daina sawa?" Na ce akwai wani sau-ciki ruwan ƙasa a bayan kabad, dunduniyarsa ta cinye. Ta ce in gaya wa maƙwabciya inda yake ta ɗauko. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

Washegari, bayan Malam ya fita, ta goge takalmin ta ajiye shi a bakin ƙofata, bakinsa yana kallon ciki, ƙafa ɗaya ta ɗan karkace kamar yadda namiji yake tuɓewa in ya dawo a gajiye. Ta ja kujerarta gindin lemo tana tsince zogale. Ina daga ciki na ji rukunin farko sun yi sallama suna tahowa da hira. Sai hirar ta yanke. Wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Af, ashe maigidan yana ciki." Inna ta ce, "Sannunku da zuwa. Ya gida?" Ba ta ce yana ciki ba, ba ta ce ba ya ciki ba. Suka gaisa da ita a tsaye, suka ce a gaishe ni, suka juya suna sanɗa. Wace mace ce za ta ɗaga labule takalmin miji yana ƙofa, uwar mijin kuma tana zaune tana kallonta? Na cusa fuskata a filo ina dariya har cikina ya ƙulle, na tuna na yi maza na daina.

Haka muka samu lafiya. Kullum in Malam ya fita Inna ta ajiye, kafin ya shigo da magariba ta ɗauke ta tura ƙarƙashin gadonta. Shi bai ma san ana yi ba. Mazan zaure ba sa shigowa ciki, matan da suke shigowa kuma ba sa tsayawa tambayar maza inda maigida yake, kowa yana harkarsa.

Kwanakin nan har yau ina jin daɗinsu a jikina. In tashi da hantsi in sha kunun gyaɗa, in kwanta ta gefen hagu yadda likita ta ce, in zuba wa ganyen mangwaro ido ta taga. Tattabarun maƙwabta su sauka a kan katanga su yi ta gunaguninsu. In na gaji da kwanciya in zauna in yi karatu kaɗan, in ja carbi, barci ya sake ɗauke ni. Inna takan shigo ta matsa mini ƙafa da man kaɗanya, ni kuma kunya ta hana ni cewa na gode, sai dai in ce, "Inna, ki bari haka, kin gaji." A ɗakin nan wata rana bayan la'asar, ana yayyafi, na ji abu ya motsa a cikina. Sauran ukun babu wanda ya kai ga motsi. Na riƙe numfashi na jira, ya sake. Na kira Inna da wata irin murya, ta shigo da gudu da zaton ɓarin ne, na kama hannunta na ɗora. Da ta ji motsin ta ce, "Alhamdu lillahi," ta fita da sauri tana gyara ɗankwali. Da na koma awo likita ta ce jinin ya sauka, duk abin da nake yi in ci gaba.

Sai aka yi rasuwa a Unguwar Gano, wasu dangin Inna, dole ta je gaisuwa. Ta ajiye takalmin kamar kullum ta ce in yi barcina, ba za ta daɗe ba. A ranar ne shugabar matan jam'iyya ta zo. Mace ce mai jiki da murya, ita ta tara wa su Malam ƙuri'un mata gida-gida, kuma ba ta bari a manta da hakan. Daga sakatariyar ƙaramar hukumar Tarauni ta taso, inda ta baro Malam da idonta yana zaune a taro. Ta hau acaɓa ta sauka a ƙofar gidanmu, ta shigo, ta tarar da tsakar gida shiru, babu tsohuwa, labule a sake, ga takalmin namiji a bakin ƙofa. Ni ina ciki ina ta barcina. Ta juya ta fita. Daga nan duk gidan da ta shiga sai ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma ga abin da ta gani.

Bayan kwana biyu maƙwabciyata ta shigo tana murza bakin zani, ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Da ƙyar ta ce, "Malama, don Allah kada ki tayar da hankalinki, amma gara ki ji a bakina." Ta faɗa mini. Wai har a wajen markaɗe ana yi, har an fara canki-cankin ko wane namiji ne mai takalmin.

Innalillahi! Ni? Ni da nake kwance ina lallaɓa ran da ke cikina? Na miƙe zumbur na fizgi mayafi na ce yau sai na je gidan shugabar matan nan na ji a bakinta, in ta fasa faɗa ba ta cika mace ba. Inna tana riƙe ni ina fizgewa. Ban kai gindin lemo ba jiri ya kwashe ni, na durƙusa. Da na duba zanena sai na ga jini.

Ba zan iya faɗin abin da na ji a motar da ta kai mu asibiti ba. Na san hanyar nan, na san ƙarshenta, na bi ta sau uku. Likita ta duba ni ta daɗe, sannan ta ce yana nan, zuciyarsa tana bugawa. Ta juya wajen Malam, wanda aka kirawo daga shago, ta ce, "Alhaji, yau Allah ya tsare. In aka sake tayar mata da hankali irin wannan, kada ku zo ku tambaye ni."

Da muka dawo gida Inna ta ɗauko takalmin daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabansa, ta gaya masa komai. Ta ce, "Ni na jawo wa yarinyar nan. Gobe zan bi gida-gida in faɗa musu ni ce." Malam ya daɗe yana kallon takalmin. Ya ce, "A'a, Inna. In kin je cewa za su yi tsohuwa tana rufa wa surukarta asiri. Kuma ba zan tsaya a gaya miki magana a kan gidana ba. Ki bar mini."

Washegari bayan azahar, lokacin da gida ya fi cika, ya aika aka kira shugabar mata, ya ce sauran matan ma su dakata a tsakar gida. Ina kwance a bayan labule ina jin komai, ina kuma hango ƙafafuwa ta ƙasan zanen. Sai ga shi ya shigo da babbar rigarsa ta shadda, a ƙafarsa kuma tsohon sau-cikin nan mai cinyayyar dunduniya. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba ya tsaya a bakin ƙofata ya ce:

"Kun ga takalmin nan? Nawa ne, ga ƙafata a ciki, duk mai shakka ta matso ta duba. Iyalina tana bukatar hutu, kuma ba a bar ta ta huta ba. Ko ina gida ko ba na gida, in kun gan shi a nan, ni ne na tare ƙofar. Wadda ta ji haushi ta ji da ni. Wadda kuma ta ɗauki wata magana ta kai wani gida, ta koma ta ɗauko abarta."

Sai shugabar mata ta gyara mayafi ta ce, "Au, ranka ya daɗe, wato duk kwanakin nan korarmu ake yi da dabara? Mu da muka sha rana a layi saboda ku?"

Ya ce, "Hajiya, kun sha rana, ban manta ba. Zaure yana nan, ni ma ina nan. Ɗakin nan ne dai ba na jam'iyya ba."

Ta ce, "To, Allah ya ba da hutu." Ta juya, fiye da rabin matan suka bi ta.

Shi kuma ya tuɓe takalmin a nan inda Inna take ajiyewa, ya ɗaga labule ya shigo. Ya zauna a tabarma. Na nuna masa randa, ya ɗebo ya sha, ya ƙara. Ya dubi farin bango, ya dubi taga, ya ce, "Kai, Malama, dama haka ɗakin nan yake?" Na ce, "Da ka zata a gwangwanayen fenti nake kwana?" Ya yi 'yar dariya, ya cire hula ya jingina da bango. Kafin in ƙara magana ya yi barci, baki buɗe.

Tun daga ranar takalmin ya daina ƙarya. Kullum in ya idar da azahar sai ya ratsa zaure a gaban kowa, ya shigo, ya tuɓe a bakin ƙofa, ba ya fita sai an kira la'asar. Maganar banzan nan kuwa ta mutu murus, don ta samu wadda ta fi ta daɗi a baki, wato shugaba ya yi girman kai, matarsa ta shanye shi. Wannan kam na ce su yi ta yi, ko a jikina.

Amma shi ya ji a jikinsa. Tsakanin azahar da la'asar ɗin nan shi ne lokacin da ake zuwa gidajen manya a zauna a nuna fuska, kuma lokacin ake ta rabon muƙamai. An riga an yi masa alkawarin wata kujera a ƙaramar hukuma, har abokansa sun fara tsokanarsa da sunanta. Shugabar mata ta kai ƙararsa sama, shi kuma ba a ganinsa a inda ake gani, sai aka ba wani. Ranar da ya ji, ya shigo yana ɓare mini lemo yana ba ni labarin da dariya, wai Allah ya raba shi da ciwon kai. Na dube shi na san ƙarya yake, ya so kujerar nan ƙwarai. Bencinan ƙofar gida suka fara ragowa ɗaya bayan ɗaya, har yara suka samu wajen wasa. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa, ko a ranakun da muka yi faɗa daga baya, kuma mun yi da yawa, don bakina bai mutu ba.

A watannin nan na san mijina. In an ɗauke wuta ya yi mini fifita har hannunsa ya gaji ya sauya. Ya yi karatunsa a hankali ina saurare. Ya ba ni labarin yarintarsa da ban taɓa ji ba duk zamanmu, ni ma na ba shi na mahaifiyata. Inna kuwa da ta ga abin ya zama gaske, sai ta janye kujerarta daga gindin lemo ta koma can bakin madafa. Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta yadda ta sanyaya mini nawa. Ban taɓa iya buɗe baki na gode mata yadda ya kamata ba, kullum sai kunya ta riƙe ni, ga shi yanzu sai dai addu'a. Malam kuwa yana nan da ransa, na gode masa, kuma ina ƙara gode masa a nan inda ba zai iya katse ni ya ce in bar maganar ba.

Cikin azumi naƙuda ta zo, da rana tsaka. Na sha wuya, ba na son tunawa. Mace ce, 'yar mitsitsiya, amma da ta buɗe baki sai da ma'aikaciyar jinya ta ce wannan ta gado wani. Aka so a kai ni gidan wata gwaggona wankan jego tunda haihuwar fari ce, na ce babu inda za ni, a mayar da ni sitona.

Ranar da muka dawo gida ya cika da 'yan barka, har da waɗanda suka yi fushi, don fushi ba ya hana barka. A wannan karon ni na ce a ɗage labulen. A al'ada mai haihuwar fari kunya take yi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kawar da kai, kada ta kalli jaririn a gaban mutane, balle ta nuna nata ne, balle kuma a gaban uwar miji. Na ja mayafina na sunkuyar da kai yadda ake yi. Jaririya tana yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta ce hancin uban ne, waccan ta ce goshin kakar ne, ni ina bin ta da kunne. Can ta kai bakin ƙofa, ta fara kuka. Aka jijjiga ta, ta ƙi. Aka miƙa wa ta gaba, ta ƙara ƙarfi.

Ban san lokacin da na yaye mayafin ba. Na miƙa hannu biyu na ce, "Ku miƙo mini 'yata."

Ɗaki ya ɗauki salati da shewa. Wata ta ce, "Lah ila! 'Yar fari fa! Ke ko kunyar surukarki ba kya ji?" Duk suka juya wajen Inna suna jiran ta tsawatar. Inna ta tashi daga inda take, ta ratsa su, ta karɓi yarinyar da kanta, ta zo ta durƙusa ta sa mini ita a ƙirji.

Ta ce, "Ku ƙyale ta. Ta daɗe tana jira."